Amsa: Tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa da jariri

Malam, barka da samun ƙaruwa, Allah Ya raya. Ka tambaya ko ya dace kai da maiɗakinka ku sanya tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa cikin tsarinku na bana, alhali yaron da aka haifa muku a ƙauyenku na ƙasar Ringim bai wuce wata 2 ba.

Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean da Carnival ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, tafiyar da za ta ratsa tekun Atilantika kuwa sai ya cika wata 12. A ganina ku gina tsarin shekarar a kan katin rigakafi: allurar Penta, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, a mako na 6, na 10 da na 14, sannan ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara a wata na 9, kuma ƙasashe da dama suna neman shaidar ta shawarar nan. Yaron yana buƙatar fasfo nasa na kansa, wanda ba ya samuwa sai da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, don haka ku karɓe ta tun yanzu. Tafiyar kuwa ku ɗage ta zuwa bayan kaka, lokacin da aka sayar da riɗi, kuɗi ya shigo hannu.