Yashin St Andrews da yashin da aka cuce ni da shi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tilasta muku watsa yashi a kan ciyawar da kuke ganin lafiyarta ƙalau, ka kuma ce ka ga hoton tsohon filin golf na St Andrews a wayarka, ciyawarsa ta yi ja kamar makiyaya a tsakiyar rani, har kana mamakin yadda filin da ya fi kowanne suna a duniya zai kasa namu kore. Da wani abu dabam ka tambaya da na ce ka koma bakin aikinka, amma wannan tambaya ta fama mini tsohon gyambo, saboda haka ka natsu, domin ba zan maimaita ba.

Filin yana gaɓar gabashin Sikotland, a yankin Fife, tsakanin gari da bakin kogin Eden, a kan irin ƙasar da mutanen can suke kira linkis, wato tudun rairayin da teku ta janye ta bari, iska ta tara shi. Ba ya yin hatsi, don haka aka bar wa tumaki da zomaye, kuma su da iskar teku ne suka fara gyara shi tun babu injin yanka. A 1552 Akbishop John Hamilton ya tabbatar wa mutanen garin a rubuce haƙƙinsu na yin wasa a wurin. A 1754 mutum 22 daga manyan yankin suka kafa ƙungiyar 'yan golf da ta zama Royal and Ancient a 1834, lokacin da Sarki William na Huɗu ya karɓi zama ubanta, kuma a 1764 aka rage ramukan daga 22 zuwa 18, adadin da duniya take bi har yau. Filin ya taɓa kusan salwanta, domin majalisar garin ta ci bashi ta sayar da shi a 1797, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye, aka yi ta shari'a har 1821 da James Cheape ya saye shi ya raba gardama.

Mu dai mutuminmu a wannan tarihi shi ne Tom Morris Babba, wanda aka haifa a garin a 1821, ya yi koyon sana'a a hannun gwanin golf Allan Robertson, ya tafi aiki a filin golf na Prestwick a 1851, sannan aka dawo da shi gida wajen 1864 a kan fam 50 a shekara, ya riƙe filin kusan shekara 40. Ya ci Open, babbar gasar golf ta Birtaniya, sau huɗu, amma ni ba don haka nake girmama shi ba. Ya sassare ƙayar da ta matse filin, ya faɗaɗa wurin wasa, kuma ya riƙe yashi a matsayin maganin kusan kowace cuta, har ana ba da labarin cewa abin da mataimakinsa Honeyman ya fi ji daga bakinsa shi ne a ƙara yashi. Ciyawar linkis siririya ce, tana son ƙasa matalauciya mai tsotse ruwa nan take, tana tura saiwarta can ƙasa neman laima. Jan da ka gani a hoto hutawa take yi, ruwan sama ɗaya zai dawo da ita. In ka cika ta da taki da ban ruwa, ciyawa mai kauri ce za ta shigo ta kore ta. Kirikirin da muke shukawa a nan ba irinta ba ce, amma a kan yashi hukuncinsu ɗaya. Yadda ake watsawa da sharewa kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda ya yi wata guda a fili bai iya wannan ba ya nemi wata sana'ar.

Abin da ba kowa zai faɗa maka ba shi ne yashi suna ya tara. Kusan shekara talatin da suka wuce ina shugaban ma'aikata a wani kulob da ya yanke shawarar barin burawun, wato dandalin yashi da baƙin mai da muka tashi muka tarar a filayen Arewa, ya koma girin, wato dandalin lallausar ciyawa da ke kewaye da rami. Shekara biyu na yi ina renon girin shida kamar jarirai, har baƙi suna tsayawa su shafa su da hannu. Da lokacin zuba yashi ya yi, aka ba wani ɗan kwangila aikin kawo yashin kogi, wankakke. Tifa uku na farko na duba su da kaina: na damƙa a hannu na buɗe ya warwatse, na zuba a kwalba da ruwa na girgiza, kafin minti ɗaya ya kwanta, ruwan ya yi garau. Sai aka yi mana rasuwa a gida na tafi kwana huɗu, shi kuwa da jin na tafi ya riƙa kawo sauran da daddare. A saman kowace tifa yashin kogi ne mai kyau, a ƙasa kuwa ƙasar kududdufi ce, irin wadda ake buga bulo da ita, kuma da rani in ta bushe ta zama gari ido ba ya raba ta da yashi. Yaran da na bari suka ɗebi na sama suka ga yana da kyau, suka sa hannu a takarda, suka watsa duka.

Ruwan farko na damina ne ya tona asirin. Na fito da asuba na tarar ruwa ya kwanta a kan girin ɗin da a da ba ya kwana da ɗigo ɗaya, bayan mako biyu gansakuka ta rufe, ciyawa ta fara ruɓewa tana wari. Na sa wuƙa na yanko ƙasar kamar yankan alkaki, sai ga layin laka ja, kaurinsa bai wuce na kwali ba, saiwoyin sun iso kansa sun lanƙwashe gefe sun kasa ratsa shi. Na kai wannan yanki gaban kwamiti a tafin hannuna, ba wanda ya ko sunkuya ya duba, domin ɗan kwangilar yana da nasa a cikinsu. Aka ce sakacina ne, aka yanke mini albashin wata uku, aka ɗauko wani mai takardar shaida wanda ya ce a ƙara ruwa da takin zamani, girin biyu suka ƙarasa mutuwa a hannunsa. Damina biyu na yi ina huda ƙasar rami-rami ina cika ramukan da yashin kirki kafin sauran huɗun su farfaɗo, kuma har yau ɗan kwangilar nan in mun haɗu yana miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru.

Ku yaran yanzu kore kawai kuke nema, irin na filin Augusta na Amurka da kuke gani a talabijin, kuma kun fi son hawa inji a kan durƙusawa ku taɓa ƙasa, shi ya sa ake cutarku da tsakar rana. Gobe da safe tifa za ta zo. Ka hau kanta da shebur ka haƙa har ka ji ƙarfe, ka ɗebo daga can ƙasa a wuri uku, ka zuba a kwalba da ruwa ka ajiye a ƙofar sito, kuma kada ka sa hannu a takardar direba sai na zo na ga ruwan da idona.