Ga ƙanena mai son zuwa Fotugal aikin tuƙar inabi

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan cikin sati guda. Ka ce ka gama digirin kimiyyar sinadarai, kana so in nema maka gurbi nan Fotugal a fannina, wato tatso sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga sharar masu yin giya. Can ƙarshe kuma ka lallaɓa ka tambaya ko aikin "ba matsala".

Da wannan zan fara, don shi ya fi ci mini rai. Idan aka matse inabi, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa yana saura, ɓawo da ƙwallo da ɗan kara. Mutanen nan suna ce masa bagaço, ni tuƙa nake kiransa, kamar tuƙar rake. Tuƙar farin inabi ana cire ta kafin ruwan ya tsumu. Ta jan inabi kuwa tare suke tsumuwa da ruwan, sai ta iso maka tana wari, da sauran barasa a jikinta. Kuma ita ce ta fi daraja wajenmu, don a ɓawon ja antosayanin yake, sinadarin da ke ba shi launi, yana cikin waɗanda muke tatsowa. Ruwan da za ka jiƙa ta da shi ma itanol ne, wato tsantsar barasa, da aka gauraya da ruwa, rabi da rabi ko kashi 70. Metanol da asiton suna tatsa sosai, amma ba a son su a abin da zai shiga abinci. Ni ba malami ba ne, ba zan ba ka fatawa ba. Na tambaya kafin in taho, hankalina ya kwanta. Kai ma ka je ka tambaya da bakinka, ka faɗi aikin yadda yake, kuma ka gaya wa Hajiya tun yanzu. Ni ban yi wa dangi bayani ba, sai ji na yi gwaggona tana faɗa a gidan biki wai na tafi Turai koyon burkutu. Har yau abin na nan a wuyana.

Aikin kansa ba farar riga da hoto ba ne. A Satumba ake girbi a kwarin Douro, yankin inabi na arewacin Fotugal, a 'yan makonnin nan za ka kwaso samfurin shekara guda a buhu, ka ruga da shi firiza kafin ya yi fumfuna. Sai shanya, sai niƙa, sai tankaɗe. Zafi ya yi yawa, launin ya mutu. Haske ma yana cinye shi, shi ya sa kwalabenmu duk a naɗe suke kamar jarirai. Shekarata ta biyu firiza ta mutu ranar Juma'a da dare, ba wanda ya sani sai Litinin. Na buɗe na tarar da jan ruwa yana bin ƙasa. Shekara guda na jira wani girbin. Malamina kafaɗa kawai ya ɗaga.

Ga sanyi. Mutanen Trás-os-Montes, yankin arewa maso gabashin ƙasar, da kansu suke cewa wata tara hunturu, wata uku jahannama, gidajen haya kuma da yawa babu abin ɗumama ɗaki.

Amma na ci riba, ba zan ɓoye ba. Yau in aka kawo tuƙa, da ido nake gane wadda za ta ba da abu.

Gurbi kuwa ba a aljihuna yake ba. Kuɗin digiri na uku galibi daga hukumar gwamnati mai tallafa wa binciken kimiyya suke fitowa, ta hanyar gasa, kuma abin da hannunka ya iya suke dubawa. Ka taɓa yin awon Folin-Ciocalteu, na gano yawan sinadaran nan a samfuri, da kanka? Ka taɓa ganin DPPH, sinadarin gwada ƙarfin kariyarsu, ya juya daga shuni zuwa rawaya? Ba sai da inabi ba. Zoɓon da ake ɗauka daga Jigawa ana kaiwa Meksiko cike yake da antosayanin, haka karan dafi da dukawa ke rina fata da shi yana da danginsa. Sayi mudu ɗaya na zoɓo, ka jiƙa da ruwa zalla, da itanol kashi 50, da kashi 70, kowanne sau uku, ka auna. Turo mini sakamakon, har da wanda ya lalace, sannan mu yi maganar wasiƙar neman gurbi.