Tambaya da Amsa: Manhajar da ke gwada manhaja da ido

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kumasi, muna haɗa wa shagunan magani manhajar ciniki. Duk lokacin da aka yi sabon gyara, ni ake zaunarwa in bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, daga shigar da kaya har buga rasit. Wani sa'in sai bayan isha'i nake isa gida. An ce akwai manhajar da ke kallon allo ta danna da kanta. Da gaske ne? Ƙanwarka daga Aboabo.

AMSA: Da gaske ne ƙanwata, kuma na riga ki shan wannan wahalar. Ina jin Sikuli aka ba ki labari, wadda masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2009. Daga baya aka koma ce mata SikuliX, kuma kyauta ce. Za ki yanko hoton maɓallin biya daga allo, ki rubuta mata umarni da Python, wani yaren rubuta manhaja, cewa ta nemo shi ta danna, sannan ta jira rasit ya bayyana. Ba ruwanta da yadda aka gina manhajar, abin da ido ke gani kawai take bi. Shi ya sa masu tsofaffin manhajoji ke sonta. Akwai kuma Eggplant, amma ita sai da kuɗi.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan ba ki taɓa saitin SikuliX ba, da zarar hoto ya yi kama da wanda kika ba ta da kashi 70 cikin 100, ta yarda. Na taɓa gani a wani ofis a Accra: rasit ya nuna sidi 18 maimakon 10, ita kuwa ta ce lafiya lau, don a wurinta 8 da 0 tagwaye ne. Saboda haka duk inda kuɗi yake, ki ɗaga ma'aunin sama sosai, ko ki sa ta karanta lambar a matsayin rubutu. Wani lokacin kuma akasin haka: a sauya launin maɓalli ko girman allo, ko saƙon Windows ya faɗo ya rufe wurin, sai ta yi ta kururuwa alhali manhajar ba ta da laifi. Sake yanka hotuna ne zai fi cin lokacinki, ki faɗa wa oganki tun yanzu.

In a burawuza manhajarku take aiki, ki kama manhajar gwaji ta Selenium, ko kuma Playwright ta Microsoft, su da sunan maɓalli suke kama shi, launi bai dame su ba.

Kada ki ce sai kin ɗora wa SikuliX komai. Fara da sayarwa, mayar da kaya, da lissafin rufe shago. Ki ware mata kwamfuta guda da UPS, wato batirin ajiye wuta, saboda dumsor (yawan ɗauke wuta), kuma ki hana kowa taɓa linzamin kwamfutar in tana aiki, don da shi take dannawa.