Laushin Yadi Ba a Cikin Duro Yake Ba

Jiya ka tare ni a bakin stenta, injin da ke miƙe yadi ya busar da shi a masana'antarmu, da ƙyallen farin yadi a hannunka, kana cewa, "Oga, wannan yadin ya fito da tauri kamar takarda. In na ninka silikon a kwamin, ba zai yi laushi ba?" Ban amsa maka a wurin ba, saboda inji na gudu, kuma raina ya ɓaci. Ba kai ka ɓata mini rai ba, yaro. Tambayarka ce ta fama mini wani miki da na ɗauka ya warke.

Kada ka ninka komai. Silikon mai ne da aka farfasa shi ƙanana-ƙanana cikin ruwa, ya lulluɓe zare, zare ya riƙa zamewa a kan ɗan'uwansa, hannu ya ji santsi. Iyakarsa ke nan. In ka cika shi, ɗinki zai riƙa buɗewa a kafaɗar riga, tawul ya ƙi shan ruwa, fari ya yi rawaya-rawaya in ya sha zafi, ran da kuma aka ce a sake rina yadin, rini ya ƙi zama. Ko lissafin ba ka yi ba. In rolar matsa tana barin ruwa kashi 70 cikin 100 na nauyin yadi, ka kuma sa giram 20 na silikon a kowace lita ta ruwan kwamin da yadi ke ratsawa, to kilo ɗaya na yadi giram 14 ya ɗauka. Ka taɓa auna abin da rolarka ke bari? Ba ka taɓa ba. Yadda ake aunawa kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya yi wata uku a gaban inji ya sani.

Ku yaran yanzu, komai a duron magani kuke nemansa. Yadi ya yi tauri, a ƙara magani. Ya yi duhu, a ƙara magani. Ido a kan allon inji, ɗaya hannun a kan waya, yadin yana wucewa a gabanku ba wanda zai miƙa yatsa ya taɓa shi. Mu da muka koyi aikin nan, sai ka shekara kana murza yadi tsakanin yatsunka kafin a bar ka ka kusanci duro.

Zauna ka ji abin da silikon ya yi mini.

Lokacin na kai shekara 12 a aikin, ni ke riƙe da sashen kammala yadi gaba ɗaya, kuma ba a taɓa dawo da bandir ɗaya da sunana a kai ba. Sai ga wani ɗan kasuwa, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Ya kawo farin yadin auduga mita 9,000. Ya ce an wanke, an yi bilic, an yi masaraiz a wata masana'anta, abin da ya rage a sa masa laushi, a busar, a bi da shi ta injin guga. Kwana biyu yake so, wai motar ɗauka tana jira.

Ka san masaraiz. Ana tsoma auduga cikin kostik soda mai ƙarfi, wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100, zaren ya kumbura, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara shan rini. Wani mutumin Ingila, John Mercer, shi ya gano hakan a 1844, daga baya wajen 1890 Horace Lowe ya ƙara dabarar riƙe yadin a miƙe yayin da yake cikin sodar, wadda ita ke kawo ƙyallin. To sodar nan har cikin zuciyar zare take shiga. Fitar da ita sai ruwa mai yawa, mai zafi, wanki bayan wanki, sannan a bi da asid a kashe ragowar. Ruwa kuɗi ne, tururi kuɗi ne, lokacin inji kuɗi ne. A nan masu ha'inci ke yanke hanya.

Na tambaye shi, "An kashe sodar?" Ya rantse mini. Ban tsaya ga rantsuwarsa ba, na jiƙa gefen yadin na ɗora takardar gwaji, ta nuna pH, wato ma'aunin tsami da soda, wajen 7, ba tsami ba soda. Na ce shi ke nan. Wannan "shi ke nan" ɗin ita ta ci ni. Fuskar yadin na gwada, ban gwada cikinsa ba. Ashe asid kaɗan suka ratsa da shi a gurguje, sama ta kwanta, ciki kuwa soda na nan daram.

Da hannuna na haɗa ruwan. Amino silikon mai kyau, na sa asetik asid har pH ya tsaya a 5.5, don irin wannan silikon a ruwa mai ɗan tsami yake zama lafiya. Muka tayar da inji. Mita 500 na farko suka fito kamar ka kwanta a kai. Mutumin ya shafa, ya yi ta yabo, ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba, ya kama hanya. Ni ma na bar wa masu aikin dare, na tafi gida da kwanciyar hankali.

Da safe na hau teburin duba yadi na kunna fitila. Wallahi sai da ƙafafuna suka yi sanyi. Tabo ne ƙanana, kamar an yayyafa mai, a jere, kowane tazararsa ɗaya da na gabansa, daidai zagayen rola. Abin da ya faru a daren shi ne, kowace mita da ta ratsa kwamin tana sakin soda kaɗan a cikin ruwan. Asid ɗin da na sa ya yi ta tarewa har ya ƙare. Da ruwan ya juya ya koma na soda, sai silikon ya tsinke, man ya rabu da ruwa ya taso sama, ya manne a rola, rola ta yi ta buga shi a jikin yadi kamar hatimi. A jiƙe ba a ganinsa. Da ya shiga stenta ya sha zafi, sai ya gasu a cikin zaren, ya zauna zama na har abada. Yaran dare kuwa ba wanda ya leƙa kwamin, ba wanda ya sake tsoma takardar gwaji ko sau ɗaya. Da sun leƙa da sun ga man yana yawo a saman ruwa.

Na yanko ƙyalle daga ɗan ragowar da ba a taɓa ba, na tafasa shi cikin tataccen ruwa, na auna ruwan. Kusan 10, wato soda na nan. Aikin minti 20 ke nan, yaro. Minti 20 da na ƙi kashewa saboda wani yana tsaye a kaina yana cewa mota na jira.

Kwana uku muka yi muna ƙoƙarin cire tabon, da ruwa mai zafi kusa da tafasa, da soda, da sabulun cire silikon. Ya ragu, bai fita ba, yadin kuma ya gaji, farinsa ya dushe. Sai ga mutumin ya dawo, fuska a murtuke, kamar ba shi ne mai yabon shekaranjiya ba. Na nuna masa ruwan gwajin. Ya ce shi bai san wannan ba, shi dai lafiyayyen yadi ya kawo, ina takardar da ta ce akwai soda ranar da muka karɓa? Babu. Ni na sa hannu a takardar karɓa, ban rubuta komai ba. Masu masana'anta suka biya shi kuɗin yadinsa don kada magana ta yi nisa, suka yi wata da watanni suna yanka daga albashina, suka kuma sauke ni daga shugabancin sashen har shekara guda, suka ɗora wanda ni na koya wa saka yadi a ƙugiyar stenta.

Abin da ya fi ƙona mini rai yana gaba. Bayan ya karɓi kuɗinsa, sai ya ce tunda yadin ya zama tsumma, a sayar masa da shi a farashin tsumma. Aka ba shi. Ba a yi wata huɗu ba na ga yadin nan da idona, an buga masa zane mai duhu an rufe tabon, ana sayarwa a matsayin sabo. Na gane shi, don na ɗaga shi a rana na ga tabona a ƙarƙashin zanen. Daga baya wani ma'aikacin can inda aka yi masaraiz ɗin ya faɗa mini cewa kafin a kawo mini, an kai yadin wani wuri, mai kammalawar can ya tafasa ƙyalle ya auna, ya ce a kwashe masa shi daga ƙofa. Wato mutumin ya sani. Da saninsa ya rantse mini. Na bar shi da Allah, amma in ce maka na manta, na yi ƙarya.

Sodar da ta kwana a yadi ba a kwami kaɗai take cin mutum ba. Farin yadi mai ragowar soda, in aka naɗe shi a leda aka ajiye inda hayaƙin inji ke kaiwa, wani sinadari da ke cikin ledar yakan haɗu da hayaƙin ya bar rawayan tabo a bakin naɗin. Shi ya sa nake so farin yadi ya bar hannuna da ɗan tsami-tsami, tsakanin 5.5 da 6.5. Kuma kada in ƙara ganin ka zuba maganin laushi na katayonik, wato mai cajin lantarki na fozitif, a ruwa ɗaya da maganin ƙara haske. Yawancin masu ƙara hasken aniyonik ne, masu cajin negetif, ba sa ga maciji da juna, su dunƙule, hasken ya mutu.

Yanzu ƙyallenka. Na murza shi jiya kafin in mayar maka, kuma na san ciwonsa. Ka gasa shi. Auduga tana son ruwanta a jiki, wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100, kai kuwa ka rage gudun stenta ka bar zafi a sama, ya fito a ƙeƙashe. Ka kuma ja shi a tsaye ba ka ba shi rara a bakin shiga ba, zaren duk ya miƙe ya sandare. Yadin da aka ja kamar fatar ganga ina zai sami laushi? In ka gyara waɗannan bai sauka ba, ɗiga masa ruwan aidin. Ya yi shuɗi, to sitacin saƙa ne bai fita ba, ka mayar da shi wanki, don silikon a kan sitaci asarar silikon ce.

Laushi na gaskiya inji ke bayarwa. Dubi injin sanfo, wanda Sanford Cluett na Amurka ya yi wa rajista a 1930. Mutane sun san shi da hana yadi tsukewa bayan wanki, har ya koma bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Amma bel ɗinsa na roba mai kauri, da yake miƙewa ya koma yana tura zaren cikin juna, shi ke sa yadi ya saki jiki ya faɗa a hannu. Sai dai ba ya aiki a busasshen yadi, dole a ba shi danshi da tururi tukuna, kuma in ka bar bel ɗin ba ruwan sanyaya shi, ka ƙona shi, ranar za ka san kuɗinsa. Injin da ke da rololi masu takardar yashi shi ke tayar da ɗan gashi siriri a fuskar yadi, a ji shi kamar ƙurar auduga. Yana cin ƙarfin yadi, don haka bayan kowane saiti ka yaga ƙyalle ka ji. Akwai kuma na iska, irin Airo na kamfanin Biancalani da ke Prato a Italiya, wanda iska ke figar yadin a dunƙule tana maka shi a jikin raga ta ƙarfe har taurin ya karye, ko ɗigon magani babu. Ran da na fara taɓa lilin da ya fito daga irinsa, na daɗe ban sake shi ba.

Inzayim na selules ma yana da kyau, yana cinye gashin da ke sa auduga ƙuraje, kuma laushinsa ba ya fita da wanki kamar na silikon. Nau'in mai son tsami a zafi wajen digiri 50 zuwa 55 yake aiki. Amma auduga yake ci, bai san gashi daban zare daban ba. In ya gama ka ɗaga zafi zuwa 80 ka kashe shi. Wanda ya manta ya bar yadi ya kwana da shi a jiƙe, da safe sai ya tarar yatsa na huda shi.

Injin guga da saitin zafin poliyesta ba zan shiga ba yau, lambobin suna manne a jikin inji, ka karanta.

Gobe kafin ka taɓa duro, ka yanko ƙyalle daga tsakiyar bandir, ba daga baki ba, ka tafasa shi a tataccen ruwa, ka auna, ka rubuta lambar a takardar karɓa da biro, mai yadin ya sa hannu a ƙasa. In inji ya tashi, duk bayan rabin awa ka tsoma takarda a kwamin, ka kuma duba saman ruwan da idonka. Sannan ka sauke zafin stenta, ka ba yadin rara, ka kawo mini sabon ƙyalle in taɓa. Wayar kuma a bar ta a aljihu.