Rediyo na cewa arziki na bunƙasa, ni kuwa ina sallamar yara

Tambaya: Malam, ina da gidan burodi a Kano. Shekaru uku da suka wuce yara 14 ke aiki a wurina, yau saura 8, su ɗin ma da ƙyar nake biyansu a ƙarshen mako. Amma kullum a rediyo ana cewa tattalin arziki ya bunƙasa, baɗi zai fi bana, wai marasa aikin yi ma ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba. In dogara da wannan hasashe in ciwo bashi in sayi sabon injin kwaɓa, ko in haƙura? Sannan a majalisarmu wani ya ce gwamnati ce ta ga dama muke wahala, tunda ita ke buga kuɗi, me zai hana ta buga ta ɗauki matasa aiki, mu kuma ta ba mu jari? Wallahi abin ya hana ni barci.

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo mana sauƙi. Abin da kake gani a shagonka gaskiya ne, abin da rediyo ke faɗa shi ma ba ƙarya ba ne, sai dai ba abu ɗaya kuke aunawa ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce arzikin Najeriya ya ƙaru da kusan kashi 3.4 cikin ɗari a 2024. Amma yawan jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi 2 duk shekara, don haka abin da ya rage wa kowane mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba. Ka kuma tuna daga 2016 zuwa 2020 haihuwa ta fi arzikin gudu, har sau biyu tattalin arzikin ya karye, a 2016 da 2020. Ramin da muka faɗa wancan lokacin har yanzu cike shi muke yi. Ƙarin da ake samu kuma mafi yawansa daga bankuna ne da kamfanonin sadarwa, waɗanda ba sa ɗibar ma'aikata kamar yadda masaƙun Kaduna ko masana'antun Sharaɗa da Bompai suke ɗiba a da.

Batun rashin aiki kuwa, mudun awon aka sauya. A ƙarshen 2020 hukumar ta ce kashi 33.3 ne. A 2023 ta koma wani tsari na ƙasa da ƙasa wanda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako yana cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. Yaranka shidan nan da ka sallama, in ɗaya na tura baro a kasuwar Singa, wani na sayar da ruwan leda a bakin danja, a littafin hukuma duk suna da aiki. Hukumar da kanta ta nuna fiye da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da ba rajista, ba albashi tsayayye.

Shi kuma hasashe, kafin ka karɓe shi ka tambayi a kan me aka ɗora shi. Kasafin 2025 an gina shi ne a kan gangar ɗanyen mai dala 75 da haƙo ganga miliyan 2.06 a kullum. Haƙon bai kai can ba, farashin kuma yawancin shekarar yana ƙasa da haka. In sharuɗɗan suka rushe, alƙaluman da aka ɗora a kansu sun rushe, ayyukan hanya da wuta da aka yi alkawari su ne farkon abin da ake yankewa.

Yanzu ka bar ni da maganar mutumin majalisarku, don ita ce ta fi damuna. Babu makon da zai wuce ban ji ta ba. Na ji ta a mota, na ji ta a wurin ɗaurin aure, na ji ta a bakin wani mai digiri biyu a wani taron bita yana faɗa da ƙarfin gwiwa ana tafa masa. Ga kuma masu riƙe waya a TikTok da suka mayar da kansu masana, suna rantsuwa wai Turawa ne suka hana mu bugawa don kada mu yi arziki. Wannan magana tana da daɗin ji, shi ya sa take da haɗari.

Ɗauki kasuwar Dawanau. A ce buhu dubu na masara ne a ƙasa ranar, masu saye kuma sun zo da kuɗinsu. Sai aka ninka kuɗin da ke aljihun kowa da daddare. Gari ya waye, buhu nawa ne a ƙasa? Dubu ɗin nan dai. Babu wanda ya noma ƙarin hatsi, babu motar da ta ƙaru a hanya. Masu saye za su yi ta rige-rige, dillali ya ga haka ya ɗaga, kafin azahar kuɗin buhu ya ninka. Uwargida ta san wannan tun kafin mu karanta shi a jami'a: in baƙi suka yi yawa ta ƙara ruwa a miya, kwanuka za su cika, amma naman bai ƙaru ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ana maganar kamar ba a taɓa gwadawa ba. An gwada, a gabanmu, kwanan nan. Zamanin Buhari gwamnatin tarayya ta riƙa karɓar rance kai tsaye daga Babban Banki don cike giɓin kasafi, wanda a zahiri ƙirƙirar sabon kuɗi ne. Dokar bankin a lokacin ta ce kada irin wannan rance ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Aka yi ta karɓa har ya kai naira tiriliyan 22.7, sannan a watan Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Ina ayyukan yin da wannan kuɗi ya haifar? Abin da muka gani shi ne hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Ba zan ɗora duka a kansa ba: cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira a watan Yuni, da 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina, duk sun zuba nasu. Amma busasshen itacen da wutar ta samu ta kama, mu muka jibge shi.

Dattawa kuma su ba ka labarin Udoji. Zamanin Gowon aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, mutane suka cika kasuwa suna sayen babura da rediyo, a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Zimbabwe ta bi wannan hanya har ta buga takardar tiriliyan 100, a 2009 ta haƙura da kuɗinta aka koma ciniki da dalar Amurka. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima sun ɗanɗana tasu a 2022, lokacin da babban bankin Ghana ya riƙa cike wa gwamnati giɓi, hauhawar ta wuce kashi 50, har aka taɓa kuɗin 'yan fansho wajen sake tsarin bashi.

Kuma wa ke biyan kuɗin wannan ɓarna? Mai gidaje da daloli yana kwana lafiya. Malamin firamare ne ke biya, da ɗan fansho, da matar da ta zuba adashi wata goma ta ɗauka ta tarar ba ya sayen abin da ta yi niyya. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, kusan dala 80 a canjin lokacin. A Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, amma bai kai dala 50 ba. Waɗannan su ne masu sayen burodinka, Alhaji. Da suka koma sayen rabi, ko suka koma koko zalla da safe, nan cinikinka ya tafi. Saboda haka in wani ya sake tayar da maganar a majalisa, kada ka yi shiru don kunya. Tambaye shi ina tiriliyan 22.7 ɗin da aka riga aka ƙirƙira.

Abin da gwamnati za ta yi ya haifar da aiki ba ɓoyayye ba ne: wuta, hanya, tsaron gona, da tara haraji ba tare da matse ƙananan 'yan kasuwa ba. Sai dai hannunta a ɗaure yake, don Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 kusan kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya biyan bashi ya cinye.

Game da injin, don kashe wutar farashin nan Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sai su ɗora nasu a kai. Ko bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, ribar da za su sa a kan murabaha, wato su sayo maka kaya su sayar maka da ƙarin riba, tana duba wannan yanayi. Ka zauna da littafinka na wata shida, ka ga buhun fulawa nawa kake kwaɓawa a mako, burodi nawa ke dawowa daga hannun masu shayi. In injin da kake da shi ma ba ya aiki yini guda saboda ba masu saye, sabo ba zai kawo su ba. In kuwa lissafi ya nuna zai rage maka kuɗin dizal da asarar kwaɓi har ya biya kansa cikin shekara ɗaya a cinikin yau, ba na baɗi ba, to sai ka nemi mai sayarwa ku yi maganar biya kaɗan-kaɗan kafin ka taka ƙofar banki.