Suruka ta ce a kawo yaron gida, ejan ya ce a kawo kuɗi

Wata 'yar'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto mini wasiƙa mai tsawo, ga taƙaitaccen abin da ke cikinta. Ita da maigidanta sun shiga ƙasar da bizar karatu, daga baya ta koma bizar aiki, shi da ɗansu na fari suna ƙarƙashin takardarta. A Ingila aka haifi yaron, shekararsa 6 da wata 4, kuma likitoci sun tabbatar yana da otizim (wanda wasu ke kira galahanga) tare da ADHD, wato matsalar riƙe hankali da zama wuri guda. Makaranta ta ba su shawarar a nema masa takardar tallafi ta EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa da ƙaramar hukuma ke rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman, amma tana tsoron kada sa hannun ya zama tambari a kansa, ya kuma jawo ma'aikatan walwalar yara su ƙwace shi. Surukarta ta dage a kawo mata shi gida na shekara biyu, a yi masa magani a kuma ladabtar da shi, domin a ganinta ko dai shafar aljanu ce ko sangarta. A gefe guda wani ejan ya ce in ta biya shi, zai yi amfani da takardar likita ya samo musu zaman dindindin da kuɗin tallafin naƙasa na DLA. Ta rufe wasiƙar da cewa: "Gaba kura, baya sayaki. Wanne zan bi?"

'Yar'uwa, Allah Ya raya miki yaron nan, Ya sanyaya zuciyarki. A cikin abubuwa ukun da kika lissafa, wanda kike tsoro shi kaɗai ne zai amfani ɗanki, biyun da kike tunanin bi kuwa kowannensu na iya rusa abin da kuka kwashe shekara shida kuna ginawa.

Zan fara da tafiya gida, domin ita ce ke da lissafin kwanaki. Kin san haihuwa a Birtaniya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa idan iyayensa na kan biza ta wucin gadi, amma yaron yana da agogonsa na kansa wanda ya fara bugawa tun ranar haihuwarsa. A ƙarƙashin ƙa'idojin zaman rayuwar ƙashin kai da aka sabunta a Yunin 2022, yaron da aka haifa a ƙasar, ya zauna shekara 7 a jere, yana iya neman zaman dindindin idan aka ga bai dace a ce ya bar ƙasar ba. Ɗanki saura wata 8 ya kai wannan mataki. Rashin zama na fiye da wata 6 a tafiya guda yana yanke wannan jerin. Sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta ba yaron da aka haifa a can, ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can, 'yancin yin rajistar zama ɗan Birtaniya, muddin bai yi fiye da kwana 90 a waje ba a kowace shekara. Shekara biyun da surukarki Hajiya ke nema za su shafe duka biyun. Kuma tunda a watan Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita hanyar zaman dindindin ta ma'aikata daga shekara 5 zuwa 10, bai kamata ki yi wasa da hanyar da yaron yake da ita a karan kansa ba.

Ko da babu maganar takardu, ba zan ba ki shawarar ki tura shi ba. Yaro mai otizim yana jingina da abin da ya saba: fuskokin da ya sani, hanyar makarantar da ya haddace, tsarin safiyarsa da darensa. A ɗauke shi lokaci guda daga uwarsa da ubansa da malamarsa, a kai shi wurin mutanen da suka riga suka yanke hukuncin cewa taurin kai ke damunsa, wannan ba magani ba ne. Na ga iyalin da suka yi haka da kyakkyawar niyya. Yaron ya tafi yana haɗa kalmomi uku zuwa huɗu, ya dawo bayan shekara ɗaya da rabi ya daina magana kusan gaba ɗaya, yana kare kansa da hannu duk sa'ad da babba ya matso kusa da shi. Dangin sun ce ya natsu. Tsoro ne ya rufe masa baki, kuma sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya sake yarda da mahaifiyarsa.

Na san Hajiya za ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar gaskiya ce a wurinta, amma tana aiki ne a kan hali, ba a kan halitta ba. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun farko, gado yana da babban hannu a ciki, kuma mutum yana tare da shi har tsufa. ADHD ma haka yake, ya shafi riƙe hankali wuri guda da tsayar da jiki da jinkirta abin da zuciya ta raya. Ba tarbiyyarki ce ta jawo su ba, ba kuma allurar rigakafi ba: rahoton 1998 da ya haɗa allurar MMR da otizim, mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi, Andrew Wakefield, a shekarar. Ni kaina ba na son kalmar "cutar galahanga" da ake yawan amfani da ita, domin tana sa iyaye neman maganin da zai cire abin, wannan neman kuwa shi ke kai su hannun macuta. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 da aka kai Amurka daga Ingila ya rasu a lokacin da ake yi masa ƙarin ruwan da aka ce zai fitar da gubar ƙarfe ya warkar da otizim. Har yau akwai masu sayar da sinadarin bilic a intanet da sunan magani. Addu'a kuwa ki yi masa ita dare da rana, ba ta buƙatar tikitin jirgi.

Yanzu ga ejan. Takardar likita da ke nuna yaro yana da otizim ba ta ba kowa izinin zama, kuma duk wanda ya ce miki tana bayarwa, romon baka yake yi miki. Abin da ya fi haɗari shi ne DLA, domin yana cikin jerin kuɗaɗen gwamnati da bizarku ta haramta muku, kuma ɗanki yana ɗauke da wannan sharaɗi kamar yadda kike ɗauke da shi. Na ga wata baiwar Allah da ejan ya cike mata fom ɗin, ya karɓi kasonsa, kuɗi suka fara shigowa, sai da ta zo sabunta biza aka tambaye ta ko ta taɓa karɓar tallafin gwamnati. In ta ce e, ta karya sharaɗi. In ta ce a'a, ta yi ƙarya a takarda, ƙarya kuwa tana jawo a ƙi buƙatar, tana ma iya jawo hana shiga ƙasar har shekara 10. Da ta nemi ejan, ya riga ya sauya lamba. Sunanta ne a kan fom ɗin, ba nasa ba. A Birtaniya laifi ne a ƙarƙashin dokar shige da fice ta 1999 mutum ya riƙa ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da rajista ba. Ki tambaye shi lambar rajistarsa da hukumar IAA mai sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda kafin Janairun 2025 ake kira OISC, ko shaidar cewa lauya ne mai rajista da hukumar lauyoyi ta SRA, sannan ki duba sunansa da kanki a shafin hukumar. Idan ya fara cewa ai shi ɗan'uwa ne, amana ce tsakaninku, to kin samu amsarki.

Takardar da ya kamata ki bi da gudu ita ce wadda kike gudu. EHCP ta samo asali ne daga dokar yara da iyalai ta 2014, kuma ilimi ba ya cikin kuɗaɗen da aka haramta muku, saboda haka ba ta taɓa bizarku. Ke da kanki kina iya rubuta wa ƙaramar hukuma ki nemi a auna buƙatun yaron, ba sai kin jira makaranta ba. Dole su ba ki amsa cikin mako 6 kan ko za su yi awon, kuma dukan aikin bai kamata ya wuce mako 20 ba, ko da yake ƙananan hukumomi da yawa suna makara, shi ya sa za ki ajiye kwanan watan kowace wasiƙa. In sun ƙi, kina da wata 2 ki ɗaukaka ƙara zuwa kotun SEND, mai sauraron ƙararraki kan ilimin yara masu buƙata ta musamman. Abin da aka rubuta a sashen F na takardar wajibi ne a kan hukuma, saboda haka kada ki yarda da kalmomi irin su "zai samu taimako a kai a kai". Ki nemi a rubuta awa nawa a mako, wane irin ƙwararre, ko mai koyar da magana ne ko mai taimakon malami a aji. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin SENDIASS mai ba iyaye shawara kyauta, ƙungiyar IPSEA ma tana yin haka. Ga kuma abin da ejan ba zai gaya miki ba: ranar da lauya na gaskiya zai shigar da buƙatar shekara 7, wannan takarda da rahotannin makaranta su ne hujjar cewa rayuwar yaron ta kafu a inda yake.

Game da ƙwace yara, neman tallafi ba ya cikin dalilansa. Kotu tana raba yaro da iyayensa ne bisa hujjar cutarwa mai tsanani, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 kuwa ya ɗora wa hukuma taimaka wa yaro mai naƙasa yana cikin gidansu. Abin da ke jawo bincike shi ne tabon duka a jikin yaro, kuma wannan ne ya sa nake roƙon ki da maigidanki ku ajiye bulala gaba ɗaya.

A cikin gida, abin da zai fi yi miki amfani shi ne ki daina tambayar yadda za ki hana shi, ki koma tambayar abin da ya jawo. Kin ce yana kwanciya a ƙasa yana ihu a manyan kantuna. Yaron da ke tsiwa yana leƙen fuskarki ya ga ko za ki ba shi abin da yake so, amma wanda ƙara da hasken fitilu da cunkoso suka fi ƙarfin jikinsa ba ya ma jin abin da kike faɗa. A wannan lokaci ki rage magana, ki fitar da shi wuri mai shiru, gaba kuma ki tafi da abin toshe kunne ko ki zaɓi lokacin da babu jama'a. Kaɗa hannu da jijjiga jikin da yake yi, da su yake kwantar da hankalinsa, ki bar shi muddin ba ya ji wa kansa ciwo. Kada a tilasta masa kallon ido; mu da muka tashi ana koya mana sunkuyar da kai a gaban manya, mun fi kowa sanin cewa rashin haɗa ido ba rashin saurare ba ne. Ki zana masa tsarin yini da hotuna, ki sanar da shi minti biyar kafin a sauya aiki, ki ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, ki bar shi ya yi guje-guje kafin ki nemi ya zauna. Idan likita ya kawo maganar maganin ADHD, ki saurara ki yi tambayoyi ba tare da jin kunya ba, domin yana taimaka wa yara da yawa, sai dai ba ya sauya otizim kuma ba a ba da shi don haka. Kuma kada wani ya sa ki daina yi masa Hausa: bincike bai nuna cewa harshe biyu na cutar da yaro mai otizim ba, ita ce kuma za ta haɗa shi da kakarsa.

Saura magana ga maigidanki, wanda kika ce ya yi shiru ya bar ki da mahaifiyarsa a waya. Ki karanta masa wannan. Malam, biyayya ga mahaifiya wajibi ce, amma ɗan nan amana ce a wuyanka, kai za a tambaya, ba Hajiya ba. Barin matarka ta zama ita ce mai cewa a'a, alhali ka san duk abin da matar ɗa ta faɗa za a ɗauke shi rashin kunya, zalunci ne gare ta. Kai za ka kira Hajiya, cikin ladabi, ka gaya mata cewa tafiyar za ta ɓata takardun jikanta, kuma likitoci da malamai sun riga sun fara aiki a kansa. Hajiya ba maƙiyiya ba ce, tsoro take ji, tana kuma jin abin da mutane ke faɗa, saboda haka ku ba ta wani matsayi a cikin lamarin: ta riƙa yi masa addu'a, ku riƙa tura mata bidiyon abin da ya iya, ku kai shi ziyarar 'yan makonni a lokacin hutun makaranta ɗayanku yana tare da shi.

A wannan makon, 'yar'uwa, ki nemi ganawa da malamar SENCO ta makarantarsa, wato mai kula da yara masu buƙata ta musamman, ki aika wasiƙar neman awon EHCP, ki fara tattara takardar haihuwarsa da wasiƙun asibiti da na makaranta na kowace shekara tun daga haihuwa, sannan ki sami lauya mai rajista tun kafin wata 8 ɗin su cika. Ki tambaye shi har da batun DLA, domin idan yaron ya samu zaman dindindin, sharaɗin haramcin yana sauka daga kansa.