Hukuncin Rama Zagin 'Yan Bangar Siyasa a Kafafen Sada Zumunta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni malamin makaranta ne a unguwar Mabera cikin garin Sakkwato. Kwanakin baya na yi rubutu a Facebook a kan wahalar ruwa da muke sha a layinmu, ina kira ga waɗanda muka zaɓa su dubi lamarin, kuma ban kama sunan kowa ba. Kafin gari ya waye magoya bayan wani ɗan siyasa sun yi mini ca. Sun kira ni munafuki, sun ce biyana aka yi, sun zagi mahaifiyata wadda ta rasu, ɗaya ya ce mini shege, wani kuma ya ɗauko hoton matata ya rubuta magana mai nuni ga alfasha a ƙarƙashinsa. Yawancinsu da sunayen bogi suke, amma na gane ɗaya, ɗan unguwarmu ne, kuma na san wani abin kunya da ya taɓa aikatawa. Abokaina suna cewa rama cuta ga macuci ibada ne, in buɗe shafin bogi ni ma in tona masa asiri. Shin ya halatta? Idan kuma na yi shiru, ban zama matsoracin da ya kasa kare mutuncin uwarsa da iyalinsa ba?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya kuma saka maka. Abin da aka yi maka zalunci ne, kuma ba zan buɗe amsa da ba ka haƙuri kamar abin ƙarami ne ba, domin shari'a ba ta ɗauke shi ƙarami ba. A huɗubar Hajjin bankwana Annabi (SAW) ya jera mutuncin Musulmi tare da jininsa da dukiyarsa a wajen haramci, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibn Mas'ud cewa zagin Musulmi fasiƙanci ne. Rubutun da ka yi tun farko kuwa, matuƙar gaskiya ka faɗa, yana cikin nasihar da hadisin Tamimud Dari ya ce ita ce addini, har ya ambaci shugabannin Musulmi cikin waɗanda ake yi wa ita. Ba ka yi laifin da za ka janye ba.

Asalin ramuwa halal ne. Allah yana cewa a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma a Suratush Shura, aya ta 41, ya ce wanda ya rama bayan an zalunce shi babu hanyar zargi a kansa. Sai dai duk inda Alƙur'ani ya ba da wannan izini ya ɗaure shi da sharaɗin daidaito: sakamakon mummuna shi ne mummuna kwatankwacinsa, in ji aya ta 40 ta surar, haka kuma Suratun Nahli aya ta 126. A Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya ce mutum biyu masu zagin juna, duk abin da suka faɗa yana kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Imamu Nawawi, a sharhin wannan hadisi, ya kawo cewa malamai sun halatta ramuwa da irin abin da aka faɗa maka idan bai zama ƙarya ba, ko ƙazafi, ko zagin magabatan mutum, ya kuma ba da misalin halattacciyar ramuwa da kalmomi irin su "ya kai azzalumi" ko "ya kai wawa".

To, ɗauki wannan ma'auni ka ɗora a kan abin da aka faɗa maka, za ka ga ƙofar ta yi ƙunci ƙwarai. Sun ce biyan ka aka yi, alhali ƙarya ce. Ba ka da izinin ƙaga musu wata ƙarya, domin ƙarya haram ce a karan kanta, zaluncin wani ba ya wanke ta. Sun kira ka munafuki. Wannan hukunci ne a kan zuciya, kuma kai ba ka ga tasu zuciyar ba kamar yadda su ba su ga taka ba. Sun zagi mahaifiyarka. Mahaifiyar wanda ya zage ta tana gidanta, ba ta rubuta maka komai ba, wataƙila ma ba ta san ɗanta yana wannan sana'a ba, idan ka taɓa ta ka fara sabon zalunci ne a kan baiwar Allah da ba ta yi maka laifi ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, wanda nake so ka tsaya a kansa tun da kishin mahaifiyarka ne yake cin ka. A hadisin Abdullahi ɗan Amru, Annabi (SAW) ya lissafa zagin mutum ga iyayensa cikin manyan zunubai, sahabbai suka yi mamaki suka ce ta yaya mutum zai zagi iyayensa, sai ya ce yana zagin uban wani sai a zagi ubansa, yana zagin uwar wani sai a zagi uwarsa. Zagin farko da aka yi mata yana wuyansu kaɗai. Wanda za a yi mata bayan ka zagi tasu, kai ne ka jawo shi, ita kuwa a kabarinta addu'arka da sadakarka take jira.

Kalmar shege da abin da aka rubuta a hoton matarka sun fita daga babin zagi na yau da kullum, sun shiga babin ƙazafi. Suratun Nur, aya ta 4, ta yanke bulala 80 ga mai jifan kamammun mata da zina bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. A mazhabarmu ta Malikiyya lamarin ya fi tsauri, domin a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun zamanin kakanni, an faɗa ƙarara cewa wanda ya kore mutum daga nasabarsa akwai haddi a kansa, kuma ko da habaici ne, idan yana nuni ga zina, akwai haddi. Gaskiya ne bakin Bahaushe ya saba da kalmar shege har wani lokaci ba a nufin korar nasaba da ita, kuma alƙali ne zai dubi al'ada da yadda aka faɗe ta ya tantance. Amma ina jin tsoro ga matasanmu da suke buga ta da yatsa sau goma a wuni suna ganin wasa ce. Abin da ya shafe ka a nan shi ne: ba a rama ƙazafi da ƙazafi. Idan ka mayar masa da irinta, kun zama masu ƙazafi biyu, kowa da nasa laifi. Kuma haddi ba kai ke tsayar da shi ba, ba kuma abokanka ba, hukuma ce.

Tona asirin ɗan unguwarku bai halatta ba. Laifin da ya taɓa yi a ɓoye ba shi da alaƙa da batun ruwa, ba shi ne kuma kwatankwacin abin da ya yi maka ba, wataƙila ma ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Shafin bogi kuwa, idan an buɗe shi don a ci mutunci ba a gane mai yi ba, hukuncinsa hukuncin abin da aka buɗe shi dominsa ne, kuma mala'ikun da Suratu Ƙaf ta ce suna halarce a kan kowace kalma ba su ruɗuwa da sunan aro. Maganar abokanka cewa rama cuta ga macuci ibada ne karin maganar Hausa ce, ba aya ba ce, ba kuma hadisi ba.

Saura abin da ya halatta maka, wanda wani sashensa ma nake ganin ya fi dacewa ka yi shi da ka bar shi. Ƙaryar da aka yi maka cewa an biya ka tana iya ɓata sunanka a wajen iyayen ɗalibanka, don haka ka ƙaryata ta a fili, sau ɗaya, da sunanka na gaskiya da harshe mai tsabta, ka sake kawo hujjarka a kan matsalar ruwan. Masu kafa hujja da Hassanu ɗan Sabit, wanda Annabi (SAW) ya yi wa izinin mayar wa Ƙuraishawa martani da waƙa, su tuna cewa waɗancan mushirikai ne da ke yaƙar Musulunci, ba maƙwabcin da kuke haɗa sahu da shi ba, kuma duk da haka sai da aka tura Hassanu wajen Sayyidina Abubakar ya tantance masa nasabobi don kada harshensa ya faɗa inda bai kamata ba. A tarihin garin nan ma akwai abin dubawa. Lokacin da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno ya rubuto wasiƙu masu zafi yana ƙalubalantar dalilin da ya sa masu jihadin Sakkwato suke yaƙar ƙasarsu, Muhammadu Bello ya kawo maganar tasa a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, sannan ya bi ta da amsa. Saɓani ne da ya kai ga zubar da jini, ya fi rigimar jam'iyya nesa ba kusa ba, amma abin da aka bar wa na baya shi ne hujjar kowane ɓangare a rubuce.

Bayan wannan amsa guda, ka rufe bakin. Allah ya siffanta bayinsa a Suratul Furƙan, aya ta 63, da cewa idan jahilai sun yi musu magana sai su ce salama, ya kuma umurci Annabinsa a Suratul A'araf, aya ta 199, da ya kau da kai daga jahilai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutum ya yi ta zagin Sayyidina Abubakar a gaban Annabi (SAW) yana shiru, da ya rama a karo na uku sai Annabi ya tashi, ya bayyana masa cewa mala'ika ne yake ƙaryata mai zagin, da ya rama sai Shaiɗan ya shigo. Ga kuma dalili na zahiri da ya kamata ka sani: waɗannan kafafe an gina su ne a kan yawan martani, rubutun da ake ta cacar baki a ƙarƙashinsa shi ake ƙara nuna wa jama'a, saboda haka duk amsar da ka ƙara kana ɗaga zagin ne zuwa idon waɗanda da ba za su gan shi ba. Da yawa daga masu wannan aiki kuma da yawan ƙurar da suka tayar suke nuna wa iyayen gidansu cewa sun yi aiki. Toshe su da goge maganganunsu daga shafinka halal ne babu karhanci, kuma bai shiga ƙauracewar da aka hana fiye da kwana uku ba, domin kare kai ne daga cuta. Wanda ya yi haka ba matsoraci ba ne, tun da Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi. Tsoron da zan zarge ka a kansa shi ne ka goge rubutunka na ruwa don sun yi maka ihu, domin abin da suke nema ke nan tun farko.

Kafin ka toshe su ka ɗauki hoton duk abin da suka rubuta, da ranarsa da sunan shafin, ka adana. Ka cire hotunan iyalinka daga inda kowa zai iya ɗauka, ka kuma kai rahoton hoton da aka ɓata ga kamfanin don a sauke shi. Wanda ka gane, ka fara da iyayensa ko mai unguwa ko limamin masallacinku, ka nuna musu abin da ya rubuta, ka nemi ya goge ya janye a fili a inda ya yi ɓarnar. Faɗa musu ba giba ba ce, kai ƙara wajen mai iya kawar da zalunci yana cikin wuraren da malamai suka togace. Idan ya ƙi, kotu tana nan: jiharmu tana aiki da kotunan shari'a a kan laifuka tun shekarar 2000, akwai kuma dokar tarayya ta laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, sai ka nemi lauya ya nuna maka ƙofar da ta dace da ƙararka. Ka sani kuma haƙƙin abin da aka rubuta a hoton na matarka ne kafin ya zama naka, ba ka da ikon yafe shi a madadinta sai ka shawarce ta. Idan a cikin saƙonnin akwai barazana ga rai ko an wallafa kwatancen gidanka, to kai rahoto ga 'yan sanda ba abin jinkiri ba ne, kuma yin shiru a nan sakaci ne da amanar iyali.

Su kuma matasan da ake saya wa data ko a ba su na kashewa don su ci mutuncin mutane, kuɗin nan haram ne, mai bayarwa kuma yana da kasonsa na zunubin duk kalmar da aka rubuta da umurninsa, ko a wace jam'iyya yake. Ina tunatar da su hadisin Samuratu ɗan Jundubi a Bukhari, inda aka nuna wa Annabi (SAW) mutumin da ake tsaga masa baki da hanci da ido har ƙeya, aka ce shi ne mai fita daga gidansa da safe ya yi ƙarya ta kai sasannin duniya. Mai turawa gaba bai tabbatar ba shi ma bai kuɓuta ba. Kai ma, ɗana, ka binciki abokan da ke neman taya ka faɗa: idan za su shiga su shaida cewa ƙarya aka yi maka, da ladabi, suna da ladan mai kare mutuncin ɗan'uwansa da ya zo a hadisin Abud Darda'i a Tirmizi; idan kuwa zagi za su yi da sunan goyon bayanka, wajibi ne ka hana su tun yau, ka gaya musu ba da yawunka ba.

Allah ne mafi sani.